Langa Mai Ɗigo Uku

Mai fura ce ta fara canza fuska. Da hantsi na sauka daga babur ɗin kabu-kabu a bakin kasuwar Tungar Kaɗe, na gaishe ta, ta amsa da fara'a har ta ce in zauna in huta. Sai na buɗe littafina na karanta mata inda nake nema: gidan Malam Garba, na uku bayan injin niƙa, mai shanun huɗa biyu a ƙofa. Ludayin da ke hannunta ya tsaya cak. Littafin ta ƙura wa ido, ba ni ba. Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗauka, ta bar ni tsaye babu ko sallama. Da na waiga sai na ga masu rake sun yi shiru, wata mata ta janye 'yarta cikin zaure, wani mutum kuma ya tashi daga benci ya nufi cikin gari da sauri, ya bar takalmansa a ƙasa. Ni kuwa ban san laifin da na yi ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ke ko kai da ke cikina wata shida yanzu, da waɗanda za su biyo baya in Allah ya yarda. Labarin nan za ku ji shi a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. A majami'armu akwai masu cewa Musulmi ne suka tashi kashe ni. A kasuwa kuwa na taɓa jin wata na cewa an kama 'yar leƙen asiri an sake ta don alfarma. Duka biyun ba haka ba ne. An fi shekara da faruwar abin, amma gara ku ji daga bakin uwarku.

Sunana Saratu. A Rafin Gawo aka haife ni, wani ɗan ƙauye a ƙasar Tsafe wanda yanzu ciyawa ta cinye. Mu Hausawa ne masu bin Almasihu tun kakanni, gidajenmu tsakiyar gidajen Musulmi, rijiya ɗaya, turmi kusan ɗaya. Duk kaka, ranar godiya a majami'a, Malam Garba maƙwabcinmu ne ke yanka mana akuya, don kowa a ƙauyen ya ci ba tare da shakka ba. Innata, Laraba, tana da langa tara, kwanukan nan masu murfi da zanen furanni. A gindin kowace ta ɗiga shuɗin fenti sau uku, ragowar wanda aka shafa wa ƙofar majami'a, don kada su ɓace cikin na mutane. In an sauke tukunya sai a cika su a rarraba gidaje tara. Kuma ba a dawo da su washegari. Langa takan zauna a gidan maƙwabci har Babbar Sallah, ranar ne za ta dawo cike da naman layya. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma ban taɓa ganin an karya ta ba. Inna takan ce kwano ba ya komawa wofi, kuma ba ya komawa da gaggawa.

Shekarar da na gama sakandare a Gusau, saura kwanaki kaɗan Sallah, mutanen daji suka shiga Rafin Gawo. A gona suka sami Babana. Ba zan rubuta wannan a nan ba, ba zan iya ba tukuna. Ƙauyen ya watse a yini ɗaya, Kirista da Musulmi, kowa da abin da kansa ya iya ɗauka. Mu muka yo Gusau. Maƙwabtanmu wasu suka yi wajen Bungudu, mafi yawa suka koma Tungar Kaɗe, can gaba da Kucheri, inda suke da dangi. Kwanukan Inna ba su dawo ba.

Majami'ar da ta karɓe mu a Gusau ba irin tamu ta ƙauye ba ce. Nan akwai Ibo da Yarbawa da Tibi da Dakarkari da mutanen kudancin Kaduna, ga mu Hausawa 'yan gudun hijira a bencin baya. Suna da biki bayan girbi da suke kira Lahadin Tukunya Ɗaya. Kowace ƙabila za ta sa kayanta, ta yi waƙa da harshenta, ta jera tukwanenta a ƙarƙashin dalbejiya: sakwara, amala, faten acca, tuwon dawa da miyar yakuwa. Amma ba mai ci daga tukunyar ƙabilarsa. Ranar babu kujerar manya, manajan banki da mai gadi tabarma ɗaya. Abin da ya fi shiga raina shi ne, ba a buɗe tukunya sai Baba Fasto ya tsaya ya yi tambaya sau uku, ko akwai wanda aka zalunta a cikinmu ba a ji bakinsa ba. A shekararmu ta farko wata mai wankau ta miƙe ta ce matar wani dattijon ikilisiya ta kore ta kan zanen da ba ta ɗauka ba. Abinci ya huce a tukwane, yara na ta kuka, amma ba a ɗaga murfi ko ɗaya ba sai da aka ji kowa, matar ta durƙusa ta roƙi gafara. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ce a raina, ashe talaka na da rana.

Inna kuwa ba ta ci komai ba a ranar. Mama Nkechi, tela ce kuma shugabar matan zumunta, wadda ta ba mu ɗaki a bayan shagonta, ta zo ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu.

"Laraba, miyata ce ba ta yi miki ba? Faɗi gaskiya, yau ranar kai ƙara ce."

"Miyarki ba ta da laifi, in ban da barkonon da kinka zuba kamar kina faɗa da wani."

"To ci mana! Ko sai na ba ki a baki?"

"Nkechi, kun ce tukunya ɗaya. Ni tawa ba ta cika ba. Mutanen da munka sha ruwa ɗaya da su shekara talatin, yau ina cin biki ban san ko sun ɗora tukunya ba."

Mama Nkechi ba ta ƙara wasa ba. Da shekara ta zagayo ita ce ta kai maganar gaban dattawa, cewa a gayyato tsofaffin maƙwabtan duk wanda ya gudo daga ƙauye, ikilisiya ta ɗauki mota ta kwaso su daga Tsafe. Aka yarda. Sai dai yankin babu sabis, waya ba ta shiga, dole ƙafa ta je. Gwiwar Inna ta hana ta tafiya. Baba Fasto ya ce a bari sai an sami namiji, Inna ta ce namiji ba ya shiga ɗakin mata, kuma gayyatar da ba ta kai ɗaka ba ba gayyata ba ce. Ni na ce zan je. Ba jarumta ba ce. An ce mini daga bayan Tungar Kaɗe ana hango dutsen Rafin Gawo, wanda muke shanya kuɓewa a kansa. Dutsen nan nake so in gani, ko da daga nesa.

Wata mai kawo daddawa kasuwar Gusau ce ta kwatanta wa Inna inda kowa yake zaune. Inna na faɗi ina rubutawa a tsohon littafina na makaranta, kamar yadda mutanenmu ke yin kwatance: wane, gidan da katangarsa ta faɗi ta baya, wane, mai rumbu uku, wane, mai tumaki a turke, Malam Garba, mai shanun huɗa biyu. Mu a ƙauye haka ake gane gida, da abin da ke ƙofarsa. Ko Inna, ko Mama Nkechi da ke zaune tana ɗinki tana jinmu, ba wadda ta ga wani abu a ciki.

Na fara da Karakkai ta Bungudu, inda gidaje biyu suke. Suka rungume ni, aka yi kuka, aka cika mini jaka da gyaɗa. Wannan ya ƙara mini ƙarfin hali. Kwana biyu bayan haka na sa hijabina kamar yadda duk mace ke yi in za ta bi hanyar nan, na shiga motar Tsafe, daga Kucheri na hau kabu-kabu. Dawa ta yi kai a gefen hanya, amma gonaki da yawa ba kowa a ciki. Haka na iso gaban mai fura.

Ban kai ga rufe littafin ba sai ga mutum huɗu da bindigogi ƙirar gida, 'yan sa-kai masu tsaron garin. Babbansu dogo ne baƙi, da tabon sara a wuya, Dogo ma suke kiransa. Ya miƙo hannu na ba shi littafin.

"Ke daga ina? Mi kika zo yi?"

"Daga Gusau. Wurin gwaggota na zo."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Tsoro ne ya riga ni magana. Na ga kamar in na ambaci majami'a abin zai fi muni, sai na zaɓi ƙarya, ita kuwa ƙaryar ta kusa cinye ni. Suka tasa ni gaba zuwa ƙofar mai gari, ƙarƙashin wata ceɗiya. Kafin mu isa garin ya taru. Aka zazzage jakata a ƙasa, katunan gayyata suka watse, kowanne da gicciye a samansa.

"Gwaggo, ko?" in ji Dogo. "Wace gwaggo gare ki nan mai zuwa coci? Ga hijabi a sama, ga wanga a ƙasa. To karɓi. Karanta da bakinki, kowa shi ji."

Na karanta. Duk gidan da na ambata sai in ji taron ya yi wani irin gurnani. Mai rumbu uku. Mai tumaki a turke. Katanga ta faɗi ta baya. Ina cikin karantawa kunnena ya fara jin abin da suke ji. Wannan ba kwatancen baƙo ba ne a wurinsu. Jerin dukiya ne, da ƙofar da za a bi a shiga.

"Wata guda ke nan da mutanen daji sunka shigo muna," Dogo ya ce, ya juya ga jama'a. "Gida huɗu cikin waɗanga sunka fasa, kai tsaye, ba su yi ɓatan kai ba. Wa ya nuna musu? Ƙanena biyu na can hannunsu har yau. Wancan karon ma mace ta, mai tallan atamfa. Ga infoma Allah ya kawo har gida. A ba mu ita mu kai ta bayan gari."

Kowa a ƙasar nan ya san wanda aka kai bayan gari ba ya dawowa. Na zube a ƙasa. Na duba fuskokin ko zan ga ɗan Rafin Gawo guda, ban gani ba. Mazanmu na gona suna yankan gero tun asuba, matan na cikin gida, ni kuma tun ina siririyar yarinya na tafi makarantar kwana. Abin da ya zo mini a rai ba addu'a ba ce, kunya nake ji in faɗa. Tukwanen nan ne na ƙarƙashin dalbejiya, da muryar Baba Fasto yana tambaya sau uku. Na ce ina ma a can nake, inda ake barin abinci ya huce saboda mai wankau.

Mai gari tsoho ne, muryarsa ba ta fita sosai. Ya buga sandarsa a ƙasa har aka yi shiru.

"Dogo, na san zafin da ke ranka. Amma ko akuya anka kama cikin gona ana tambayar mai ita. Ɗiyar ga ba ta yi magana ba tukun. Yarinya, faɗi. Gaskiya kaɗai, kin ga inda ƙarya ta kawo ki."

Na faɗa, ina shessheƙa. Rafin Gawo, Inna Laraba, bikin tukunya, motar da za ta zo Tsafe. Wani daga baya ya yi dariya ya ce yau ga infoma mai gayyatar cin tuwo. Dogo ya ce sanin sunaye ba shaida ba ne, infoma ma da sunaye yake aiki. Na ce to a kira Malam Garba, shi ke yanka mana akuya, shi ya raka gawar Babana.

Dogo ya matso kusa da ni.

"Malam Garban da kika rubuta shanunshi?" in ji Dogo. "Kan shanun nan anka harbe shi a ƙofar gida."

Na manta da bindigogin. Mutumin da yake ɓoye mini hanta a ganye ranar yanka, yana cewa kada in gaya wa matarsa Inna Hajo. Na fasa kuka da ƙarfi, ina kiran sunansa. Na ji wata tsohuwa a gefe ta ce wannan kukan ba na haya ba ne. Da na iya magana na ce a kira Inna Hajo. Suka ce tana takaba, kwananta talatin ba ta taka zaure ba, ba mai fito da ita gaban maza saboda baƙuwa.

An kira azahar, wasu suka tafi masallaci suka dawo, ina nan zaune cikin ƙasa, mutum biyu tsaye a kaina. Mai gari ya ce a jira masu gona su dawo. Dogo ya ce in rana ta faɗi abokan aikinta za su zo nemanta, ba zai jira ba. Muryoyin da ke bayansa sun fi na mai gari yawa, kuma ƙaruwa suke yi. Na ɗaga kai na duba yamma da gari ko zan hango dutsenmu kafin a tafi da ni. Rumbuna sun tare.

Sai taron ya dare biyu. Mai furar nan ce a gaba, tana riƙe da hannun wata tsohuwa mai lulluɓi da baƙin zane, ba kwalli ba awarwaro, ta rungume wani abu a ƙirji cikin tsumma. Ashe mai fura, bayan ta kai rahotona, ta tsaya ta ji bayanina, zuciyarta ta kasa kwanciya, ta je ta faɗa. Inna Hajo ta rame har ban so in gane ta ba.

Wani malami ya ce, "Hajo, kina takaba fa."

"Na sani, Malam, ni mijina ya mutu. Takaba ta hana ni ado, ba ta ce in zauna ɗaka a zubar da jini da sunan Garba ba."

Ta matso ta ƙura mini ido. Idanunta sun yi hazo, ta daɗe tana dubawa.

"Ban shaida fuskar ga ba," ta ce. "Ɗiyar Laraba da na sani kamar sillen kara take. Amma in ke ce, gaya mini abin da ke hannuna."

"Langa ce, Inna."

"Kowa na da langa. Mi ke gindinta?"

"Ɗigo uku na shuɗin fenti. Murfin kuma ya lotsa ta gefe, ni na faɗi da ita a bakin rijiya shekarar da na kawo miki tuwo, miyar ta zube, kika ce kada in gaya wa Inna, kika zuba taki miyar, daga baya kika ce mata tata ta yi daɗi."

Ta kwance tsumman, ta miƙa wa mai gari. Ya shafa murfin, ya ɗaga langar sama ya leƙa gindinta, ya nuna wa Dogo. Ɗigon nan uku suna nan, sun ɗan koɗe. Inna Hajo ta juya ga zaurukan da mata ke leƙe.

"Ku matan Rafin Gawo, ina naku? Ko kun sayar?"

Ba a jima ba 'yan mata suka fara fitowa da kwanuka. Shida aka kife a gaban mai gari kusa da ta Inna Hajo, kowace da ɗigonta uku. Mutanen da suka gudo da tabarma da tukunya ɗaya, wasu ko akuyarsu ba su kwance ba, amma ba wadda ta bar kwanon maƙwabciya a baya.

"Ta ce gwaggo," in ji Dogo, amma muryarsa ta sauka.

"Ni na yanke mata cibiya, ni na binne cibiyar bayan ɗakin uwarta. In ba gwaggo ba, mi kake so ta kira ni?"

Dogo ya daɗe yana duban kwanukan. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma riƙe shi da wannan ba, don na ga idonsa lokacin da ya ambaci ƙannensa. Ya yage shafin nan daga littafina, ya ƙyasta ashana ya ƙone shi a gabana, ya miƙo mini sauran.

"Kada ki ƙara rubuta abin da ke ƙofar mutane," ya ce.

Inna Hajo ta durƙusa da ƙyar ta buɗe langarta. Soyayyen nama ne a ciki, ya bushe ya yi baƙi cikin man da ya daskare.

"Na layyar bana ne. Garba da hannunshi ya ware, ya ce rabon Laraba na, ko ba daɗe hanya za ta buɗe. Bikinku ba ni samun zuwa, kwanakina ba su cika ba. Ki kai mata, ki ce kwano bai koma wofi ba."

Na karɓa, amma na kasa tashi. Na rungume langar a ƙirjina. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar, maza suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ta cire gefen baƙin zanenta ta yafa mini a kafaɗa, ta dafa kaina da tafinta mai kaushi.

"Tashi, Saratu. An gama. Ba mai taɓa ki, kin zo gida."